Katangar da Ta Tsiro

A shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, babu abin da ake nema a Katsina kamar burji. Ko'ina titi ake shimfiɗawa, kuma sai an zuba wannan jar tsakuwa kafin a malala kwalta. Sai ga shi an gano ta jibge a ƙarƙashin gonar mahaifina, can bayan GRA.

Baba bai so ba. Tun kafin a haife ni yake kai wa gonar nan taki a mangala daga Ƙofar Kwaya, har ya mayar da rairayi baƙar ƙasa mai laushi. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin kamfani zai kankare ƙasar sama ya tara ta gefe, in an gama haƙa a mayar masa da abarsa. Ni kuma aka ɗauke ni direban tifa, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon ango, kaina ya fi motar girma.

Katafila ta tara ƙasar ta yi dogon tudu a bakin hanya. Injiniyan, wani siriri mai gajeren wando, ya sa aka dasa ciyawa a kai, wai kada manyan da ke wucewa GRA su hango rami ransu ya ɓaci. Baba dai ba ruwansa da ran manya. Duk Asabar sai ya zo a kan kekensa, ya auna tudun da taku, ya damƙi ƙasar ya shinshina. Leburori su ce, "Malam, an zo gaida gona?" Ya ce, "To wa gare ta in ba ni ba?"

Ana gab da damina katangar surukina ta tsage. Na je gaisuwa na ji yana zancen neman masu jakai su kawo ƙasa. Bakina ya riga hankalina, na ce ai ga mu da mota. Kwana uku a jere, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, na sa mai katafila ya loda mini daga bayan tudun, inda ba a gani daga titi. A ganina ƙasa ai ƙasa ce.

Magini ya murza ta a hannu, ya ce wannan ta noma ce, ba ta gini. Amma ina surukina zai mayar da kyautar mijin 'yarsa? Kunya ta hana. Ya ce wa magini a kwaɓa haka nan, a ƙara ciyawa.

Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu. Kafin wata guda katanga ta yi kore shar. Ga yakuwa, ga rama, ga zaƙi-banza, har da kabewa ta fara yaɗo tana leƙen gidan maƙwabta. Awakin unguwa suka yi layi suna miƙewa da ƙafa biyu. Matata ta dawo daga gidansu tana dariya har da riƙe ciki, ta ce innarta na godiya, an hutar da su sayen kayan miya. A wurin aiki kuma ruwa ya zabtare tudun daidai inda na rarake, rami ya fito fili, injiniya na ta tsalle a gajeren wandonsa yana tambayar wanda ya yi.

Ran Juma'a Baba ya ce in raka shi gaida surukina. Suka daɗe suna gaisawa a ƙofar zaure, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa. Sannan Baba ya miƙa hannu ya tsinki ganyen yakuwa a jikin katangar. Ja ce, irin wadda shi kaɗai ke shukawa a wajenmu.

"Alhaji, wagga ƙasa ina aka samo ta?"

"Ai yaronmu ne ya yi mani ƙoƙari. Allah shi yi mashi albarka."

"Amin," in ji Baba.

Har muka isa gida yana ta juya ganyen yakuwar a hannunsa. Da marina ya yi da na fi samun sauƙi. Na ƙudura zan kwaso ta in mayar, amma kafin tsakiyar damina katangar ta narke, ruwa ya tafi da ita ta kwata.

Bayan shekara biyu kamfani ya gama, ya cike ramin, ya baje tudun a kai. Ƙasar ta rufe ko'ina sai kusurwar gabas, wadda ta tsaya ja, ƙeƙasasshiya, ko ƙaya ba ta tsirowa. Baba ya tara mu 'ya'yansa a gonar, ya ja ni har can, ya zana iyaka da sandarsa.

"Daga nan zuwa nan naka ne," ya ce. "Jakina na nan, mangala na nan."

'Yan'uwana suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Shekara tara na yi ina kai taki kafin gero ya yarda ya tsaya a wurin. Ranar da na ɗaure damin farko na zauna a kansa na yi kuka, don shekara biyu ke nan da rasuwar wanda na so in nuna wa.