Ki Ba Su Shi, Ki Bar Ta

A gidanmu na unguwar Nima kekuna sun fi mutane samun wurin kwana. Ɗaki biyu muke haya, ɗaya namu, ɗaya na kekunan Baba. Muna kwana ƙafar wannan a bakin wancan, ƙarafa kuma suna can rataye a ɗaki guda har da taga. Tun ina yarinya na tsane su, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Baba mutumin Damagaram ne. Gadi ya yi shekara da shekaru a gidajen Turawa wajen filin jirgi, a can kuma ciwon son keke ya kama shi. Duk Baturen da zai koma gida ya bar tsohon keke, Baba zai turo shi har Nima. Daga baya ma ya daina jira a ba shi. Ya ji wani tsohon masinja a Kumasi yana da baƙin keken Ingila mai burkin sanda, sai ya hau mota ya tafi. Ba hawa yake yi ba fa. Ranar Juma'a da safe zai sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe su da man keken ɗinki, ya juya ƙafa ya kasa kunne, ya mayar. Wani mutum ya taɓa zuwa daga unguwar Osu wai yana son ɗaya ya rataye a gidan abincinsa. Baba ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi har bakin titi.

Bayan kekuna, abin da Baba ba ya wasa da shi Hausarsa ce. A Zongo, wato unguwannin baƙi irin tamu, ba ruwan kowa da mace ko namiji a magana. Za a ce "Mma ya zo", a ce wa mace "kai", a kira komai "shi", kuma kowa ya gane. A gidanmu kuwa in ka ce "Mma ya zo" sai ka ji ranƙwashi a tsakiyar kai.

"Ta zo. Uwarka namiji ce?"

Yaran lungu suna mana tsiya wai muna Hausar rediyo.

Kekunan nan duk "shi" ne a bakin Baba, ban da guda ɗaya. Keken Mma. Ita "ita" ce. Koriya ce mai duhu, ba ta da sandar tsakiya, don mai zane ta hau ba sai ta ɗaga ƙafa ba. Tana da murfin sarƙa, da fitilar da ke kamawa in ƙafa na juyawa, da ƙararrawar tagulla mai murya biyu. Mma 'yar Dagomba ce daga Tamale, inda mata ke hawan keke ba wanda ya waiwaya. Wata tsohuwar ungozoma da ta yi wa aiki ce ta bar mata. A kanta Baba ya fara ganin Mma, kuma duk masanin keken da ya shigo ɗakin nan sai ya ce bai taɓa ganin irinta ba.

Ranar da Mma ta rasu a asibiti, maƙwabciyarmu ce ta riga ni isowa gida. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ya rasu." Baba ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wane ne?" Har ya ɗaga hannu zai yi wa wani bawan Allah addu'a. Ni ce na shigo na faɗa masa da Hausar da yake ji.

Daga nan ya fara tafiya a hankali. Ido ya yi rauni, sunaye suka zube, magana ta koma ɗai-ɗai har ta ɗauke. Abu guda ya rage. Kullum da safe sai mu kama shi mu kai shi wurinta, ya dafa sirdi, ya bi da hannu har kan ƙaho, ya buga ƙararrawar, sannan ya buɗe baki a ba shi koko. In bai buga ba, ba ya ci. Sau ɗaya ƙanena ya kai ta gyaran taya ta kwana a can, Baba ya datse haƙora har ta dawo. Ga shi maganinsa ba a shan sa da yunwa. Ni da na tsani kekuna na koma ni ce mai goge ta.

A wata damina ruwa ya cika babbar kwata ya shigo mana har ɗaka. Kekunan da ke rataye ba abin da ya same su. Biyu ne a ƙasa: ita, da gawar wani keke mai tsatsa da Baba ke cirar kayan gyara a jikinsa tun da can. Muka wanke musu laka muka jingine su a tsakar gida su bushe. Washegari Baba ya buga ƙararrawarsa ya sha koko, ƙanena ya tafi da shi asibiti ganin likita. Ni kuma na makara, kayan miyan da nake sayarwa na jirana a Kasuwar Malam Atta. Ina ɗaura kallabi na jiyo masu sayen tsofaffin ƙarafa daga nesa suna kira, "Kondem! Kondem!" Keken nan mai tsatsa ya sha yage mini zane. Na leƙa madafa wurin matar ƙanena, na nuna tsakar gida da haɓa, na ce, "In 'yan kondem sun iso, ki ba su shi, ki bar ta." Na fice.

Matar ƙanena haihuwar unguwar Maamobi ce, 'yar Kotokoli, yarinya mai kirki da ta fi mu haƙurin wanke Baba. Hausa da Twi da Ga duk tana zuba su kamar ruwa. Amma "shi" da "ta" a kunnenta abu ɗaya ne.

Da azahar na dawo dafa wa Baba tuwo. Tsakar gida wayam, sai shatar tayoyi a kan laka.

"Ina take?"

"Wa, Yaya?"

"Keken Mma!"

"Ai ka ce in ba su shi, in bar musu. Na ba su shi duka."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sanda ledar tumatir ta faɗi daga hannuna ba. Na zage ta, wallahi na zage ta tas, na haɗa har da Maamobi da duk wanda ya koya mata magana. Ita kuwa tana tsaye da muciya a hannu, ba ta ma gane laifinta ba sai da na ce, "Da me Baba zai ci abinci gobe?" Nan ta ɗora hannu a ka.

Na bi lungu da silifa ina tambaya. Mai wanki ya ce sun yi wajen masallaci. Mai gasa masara ta ce ta ga kura biyu ana turawa, ɗaya da firji a kai. Wani tela ya ce, "Hajiya, kar ka wahalar da kanka, duk can Fadama suna kai shi." Na sani. Kowa ya sani. Abin da ya shiga Old Fadama, matattarar tsofaffin ƙarafa, da safe, kafin la'asar guduma ta gama da shi.

Na shiga trotro, ƙaramar motar haya. A shataletalen Circle muka tsaya cik. Mota ba gaba ba baya, karen mota na leƙe yana kiran fasinja alhali ba wurin zama, wani mai tallar maganin basir ya miƙe zai fara wa'azinsa. Na ce masa ya zauna ko in zaunar da shi. Ina ta addu'a, duk wadda ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ƙanena ya kira a waya ya ce layi ya yi tsawo, sai yamma za su dawo. Ban faɗa masa ba. Na sauka na ci gaba da ƙafa cikin rana, zufa na shiga mini ido.

Ban taɓa shiga Old Fadama ba sai ranar. Na wuce masu doya, na bi hayaƙi. Ƙarar guduma ta ko'ina, warin wayar da ake ƙonawa yana kama maƙoshi, ƙasa baƙa ƙirin tana cin silifa. Ƙarafa tsibi-tsibi, injin mota, fanka, gado, tukunya. Na gaishe da masu aikin wurin da ɗan Dagbancin da na tsinta a bakin Mma, suka amsa, suka ba ni benci. Na ce ba zama ya kawo ni ba. Koren keke na mata, daga Nima, yau da safe. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce masu zagayen Nima suna can bakin ruwa. Na je bakin ruwa aka ce sun koma wurin sikeli. Wani ya yi dariya ya ce, "Mma, keke nawa ne yana shigowa nan a rana?" Na roƙe shi don Allah don Annabi. Ni da ko a kasuwa ba a taɓa jin na roƙi mutum ba, ranar na durƙusa wa samarin da na haife su.

Ina tsakiyar wurin nan sai na ji ta. Cikin duk hargowar gudumar nan na ji murya biyun nan, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na juya. Wani magidanci ne ke turo kura ba kaya, ya ɗaure ƙararrawar da waya a hannun kurar yana bugawa a ba shi hanya. Na cafke masa riga.

"Ina sauran?"

Ya tsorata, ya ɗauka ɓarawo zan kira shi. Da na yi masa bayani sai jikinsa ya yi sanyi. Ya wuce gaba na bi shi har bayan wata rumfa. Abu na farko da na gani gawar keken nan mai tsatsa ce, a jingine, lafiya lau, ko taɓa shi ba a yi ba. Ita kuwa an fara da ita don ta fi kayan kirki. An fasa fitilar an zare jan ƙarfen ciki. An sare jikinta gida-gida don ta shiga buhu. Na ga koren fenti a bakin buhun, na ga murfin sarƙar da nake gogewa an naɗe shi biyu.

Na zauna daɓas a cikin baƙar ƙasar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Mma.

Mutumin ya tsuguna nesa kaɗan. Ya ce, "Mma, da ka zo da wuri." Ya kwance ƙararrawar ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙo mini. Na kwance bakin zane zan ba shi wani abu, ya ƙi karɓa. Na tambayi wani mai walda ko za ta haɗu. Ya zazzage buhun ya jujjuya guntayen da ƙafa, ya ce an riga an tafi da rabi a motar farko.

A hanyar dawowa na shirya ƙarya. Baba ba ya gani sosai. Za mu sauke ɗaya daga cikin na rataye, wanda ya fi kama da ita a tsayi, mu ɗaura masa ƙararrawar. Ƙanena da ya ji labari, sai ya ɗauko sukudireba ya ɗaura. Har sirdin muka sauke ƙasa kaɗan. Da yamman nan Baba ya dawo a gajiye ya yi barci, ba wanda ya iya cin tuwon da aka tuƙa.

Da safe muka kama shi, ni ta dama, ƙanena ta hagu. Matar ƙanena na biye da kofin koko, idonta a kumbure. Baba ya dafa sirdi. Ya shafa shi. Ya fara bi da hannu zuwa gaba yadda ya saba, ta wurin da kullum hannunsa ke faɗawa sarari. Sai hannun ya ci karo da sanda.

Ya tsaya. Ya bi sandar da yatsu har ƙarshenta, ya dawo. Na yi maza na kama hannunsa na ɗora a kan ƙararrawar, na ce, "Baba, ga ta, buga mana." Ya riƙe ta cikin tafinsa, ya san ta, na ga ya san ta. Bai buga ba. Ya zare hannunsa a hankali ya mayar jikinsa.

Matar ƙanena ta kasa daurewa. Ta ajiye kofin ta zube a gabansa ta riƙe masa ƙafa.

"Baba, ka yafe mini. Ni ne na ba su. Ya tafi, Baba, ya tafi."

Baba ya sunkuyar da kai wajen muryarta. Mutumin da muka yi watanni ba mu ji kalma biyu a jere daga bakinsa ba, ya ce a fili, ba faɗa, ba ranƙwashi:

"Ta tafi."

Muka zaunar da shi a kujerarsa. Na ɗauki kofin na hura, na kai masa baki. Na ce Baba don Allah, na ce don darajar Mma, na ce kurɓi ɗaya kawai saboda magani. Na riƙe kofin nan har hannuna ya gaji na sauya ɗayan, har kokon ya huce ya yi fata a sama. Bai buɗe baki ba.