Teburin Tarbar Surukai

Wani dogon mutum ne tsaye a bakin rumfar kafinta, da ƙyauren tsohon kabad a ka, madubin jikinsa yana kallon sama. Rigarsa ta sha guga, amma ta ga jiya ta ga yau. Muryarsa irin ta mai ba da umarni ce a gidan da ba a saurarensa.

"Ƙafa huɗu za ka sa masa, malam, ya zama tebur. Gobe surukaina za su zo, ba na son raini."

"In ɓamɓare madubin?"

"Kul! Kwano biyu zan ɗora, su ga huɗu."

Kafinta ya sosa ƙeya. "To, surukan fa? Su ma ai ninkuwa za su yi."

Har yanzu dogon mutumin yana tsaye, ƙyaure a ka, baki buɗe.