Na Buga Ƙwallo Da Sunan Ƙanena

A lokacin da abin nan ya faro shekaruna ashirin, ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye a gefen Bungudu, kuma ba abin da Allah ya ba ni fiye da tsarana sai tsawo da rashin haƙuri. Tun ina aji uku a sakandare sai na sunkuya nake shiga ɗakin Inna. Abokaina falwaya suke ce min. A gona tsawon nan bai tsinana min komai ba, bayana ne ke riga na kowa ƙagewa in ana noma. Sai da aka kai ni makarantar kwana a Gusau wani malamin wasanni ya gan ni a layin abinci, ya jawo ni filin ƙwallon kwando, ya miƙa min ƙwallo. Daga ranar na san cewa akwai wurin da tsawona yake da daraja. Baba ya sha cewa ni kamar an zuba min ƙaiƙayi a riga nake, ba na iya zama wuri ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa.

Na gama sakandare da sakamako mai kyau, na samu gurbi a jami'a nan Gusau. Ni ne na farko da ya samu haka a gidanmu. Baba ba ya karanta boko, amma sati biyu takardar gurbin tana aljihun babbar rigarsa, duk wanda suka gaisa a masallacin Juma'a sai ya zaro ta ya nuna masa. Ina jiran a buɗe makaranta ne ƙungiyar da nake bugawa a Gusau ta shiga wata gasa, na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Bayan an tashi wani mutum mai ƙamshin turare ya tare ni, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, akwai kulob a wata ƙasar Larabawa a arewacin Afirka da ke neman dogaye irina. Ya ce za a ba ni ɗaki da abinci da albashi, daga can kuma sai Turai. Ya ce jami'a ba ta gudu, amma ƙafar ɗan wasa tana tsufa. Maganar nan ta zauna min daram.

Akwai sharaɗi guda. Kulob ɗin yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai yake ɗauka, ya raine su. Dillalin ya yi dariya da na faɗi shekaruna, ya ce ai kowane ɗan wasa shekaru biyu gare shi, na gida da na ƙwallo. Ya ce amma mutanen can sun gaji da takardar rantsuwa ta kotu, kan mage ya waye, takardar haihuwa ta asali suke so. Ya tambaye ni ko ina da ƙane. Na je wa kocinmu da rabin labarin, ban gaya masa zancen shekaru ba. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce in shiga jami'a in buga mata wasa, in wasan nawa na gaske ne masu nema za su same ni a can da digirina a hannu, in kuma ƙafa ta ƙi, takarda tana nan. Na fito ina ce wa raina hassada ce irin ta wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Allah ya yafe min.

Ni a gida aka haife ni, ba ni da wata takarda. Ƙanena kuwa, mai bi min da shekara huɗu, haihuwarsa ta zo da gardama, aka kai Inna asibiti a Gusau, shi ne aka yi masa takardar haihuwa. Inna ta naɗe ta a leda ta ajiye a ƙasan akwatin zannuwanta. Ranar da ta tafi suna Tsafe wajen ƙanwarta, da hantsi, gida ba kowa sai kaji, na shiga na ɗauko. Ban ji kamar sata nake yi ba, wallahi. A ƙauyenmu takarda ba komai ba ce, kowa ya san ɗan wane ne kai, wa zai tambayi yaron da ke kora awaki takardar haihuwa? Na ce aro ne, in na yi kuɗi ni zan kai shi duk makarantar da yake so. Lokacin da na rubuta jarrabawar shiga jami'a ba a soma neman lambar katin ɗan ƙasa ba, yatsuna ba su taɓa shiga kwamfutar hukuma ba. Haka na je na dangwala su a ƙarƙashin sunan ƙanena, aka yi min kati, aka yi min fasfo.

Da na gaya wa Baba zan tafi, ya daɗe yana gyaran ƙotar fartanya bai ɗago ba. Daga baya ya ce bai taɓa ganin manomin da ya share gonarsa, ruwa ya sauka, sannan ya tafi kallon gonar wani ba. Ya ce amma ni ba yaro ba ne, ba zai ɗaure ni ba. Ya zaro takardar jami'ar daga aljihu ya miƙa min. Ni kuwa a lokacin jirgi kawai nake gani.

Shekara uku na yi a can. Ba zan ce duk wahala ce ba, don na ga fili mai katako da yake sheƙi, na ci na ƙoshi, na aiko da hotuna aka yi ta zagayawa da su a ƙauye. A bayan rigata sunan mahaifinmu aka rubuta, wanda ni da ƙanena duk muke da gado a kansa, shi ya sa ba wanda ya gane komai a gida. Amma a fili da ɗakin kwana da sunan ƙanena ake kirana. Watannin farko sai an kira sau biyu nake waiwayawa, har koci ya ɗauka kunnena ne ba lafiya. Daga baya na saba, na saba ƙwarai. Abin da dillali bai gaya min ba shi ne, a Gusau ni kaɗai ne falwaya, a can kuwa irina sun kai goma, wasu tun suna shekara bakwai suke riƙe ƙwallo. Na fi zama a benci fiye da shiga fili. Turai kullum sai baɗi. A shekara ta uku na yi tsalle na dira ba daidai ba, na ji gwiwata ta ce ƙas. Suka yi min aiki, suka jira wata huɗu, suka saya min tikitin dawowa. Takardar haihuwar tana cikin fayil ɗinsu, ban ko tuna in tambaya ba.

Na dawo da ɗingishi da jaka ɗaya. Gurbin jami'a ya daɗe da bin ruwa. Na ce to in sake jarrabawa, sai na tarar yanzu ba a yi sai da lambar kati, katina kuma sunan ƙanena ne, takardun makarantata sunana ne. Na zama mutum biyu, kuma ba ɗayan da zai iya shiga aji. Ban gaya wa kowa ba, na ce karatun ne ya fita raina. Kawuna ya ɗauke ni ina taya shi awon hatsi a kasuwar Tsafe. Amma ina zama? Yau ina Tsafe, gobe ina Gusau ina leƙen filin da na bari, jibi ina gida, ga hanyar ba kullum take da lafiya ba. Dillalin yana ta kirana yana cewa in lallaɓa gwiwa, akwai wani kulob da zai gwada ni, tunda a fasfo har yanzu yaro ne ni. Na riƙe maganar nan kamar mai riƙe da igiyar guga.

Ƙanena shi Allah ya ba shi abin da ban da shi, wato zama. Yaro ne shiru-shiru, in ya buɗe littafi sai an taɓa shi yake jin kira. Ya yi nasa katin da takardar makaranta, ba wanda ya lura, sunaye irin namu sun yi yawa. Ya ci jarrabawa ci mai kyau, aka zaɓe shi cikin ɗaliban da za a ba tallafi su je ƙasar waje karatun likita. Aka ba su sati shida kowa ya kawo fasfo. Inna ta zazzage akwatinta tana neman takardar haihuwa, ta zazzage kwanukan jerenta, tana ta zargin gara da ɓeraye. Abin da har yau yake hana ni sakewa shi ne, ni ma na durƙusa ina taya ta nema, ina ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi takardar rantsuwa ya tafi ofishin fasfo. Ranar kasuwa da azahar sai ga shi a rumfar kawu, ya ce in zo gefe. Ya ce da aka shigar da bayanansa, kwamfuta ta fito da wani fasfo mai sunansa, da ranar haihuwarsa, da sunan Baba, da sunan Inna, da garinmu. Jami'in ya juyo masa da allon ya tambaye shi ko ya san mai hoton. Ya ce ya amsa musu cewa yayansa ne. Bai ɗaga murya ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya ce an gaya masa ba za a yi masa komai ba sai mai wancan fasfon ya zo da kansa ya yi bayani a rubuce. Ya ce bai gaya wa su Baba ba, kuma ba zai gaya musu ba, roƙona kawai yake in je.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko muni. Na farko ina iya cewa ƙuruciya ce da jahilci, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Na kira dillali, ya ce in na kuskura na je za a karɓe fasfon, a hana ni wasa har abada, wataƙila ma a ɗaure ni. Ya ce in jira sati biyu takardar gayyata tana hanya. Na roƙi ƙanena sati biyu, ya ce to. Suka cika, na roƙi ƙarin sati ɗaya, ya ce to. Sau uku ina shiga mota daga Tsafe zuwa Gusau da fasfon a aljihu. Na farko na tsaya a bakin ƙofar ofishin na juya. Na biyu na zauna wajen mai shayi a tsallaken titi har aka tashi aiki. Na uku ko sauka daga kan babur ban yi ba, na ce ɗan acaɓa ya wuce da ni unguwar Damba wajen wani abokina. Abinci ya daina shiga, na auna wa mutane gero a madadin dawa har kawu ya ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Kullum ƙanena zai kira sau ɗaya, ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya ajiye waya.

Na shiga ofishin saura kwana huɗu wa'adin ya cika, bayan dillali ya daina ɗaga wayata. Na faɗi komai. Ba su ɗaure ni ba, sun karɓe fasfon, sun sa na rubuta bayani, sun ce a kawo mahaifinmu ya shaida. Haka Baba ya hau mota daga Bungudu ya zo ya tsaya gaban jami'an da a haife ya haife su yana rantsuwa wane ne wane cikin 'ya'yansa. Wani jami'i mai furfura ya dube ni ya ce da na zo tun ranar da aka ce in zo, da wataƙila an samu yadda aka yi, amma gyaran irin wannan sai ya bi ta sama, watanni yake ɗauka. Aka ba wani yaro gurbin ƙanena. A mota muna komawa Baba ya juya fuskarsa wajen taga har muka isa, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu ƙanena yana makarantar koyon aikin lafiya a nan gida, yana zuwa yana dawowa, damina kuma yana gona. Bai taɓa yi min gori ba. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, Allah bai rubuta ba ne. Na san Allah ne mai rubutawa, amma na san hannun da ya buɗe akwatin. Takarduna har yanzu ana kan gyara, ina jira, ni da ban iya jira ba.

Abin da na koya shi ne, ba tafiyar ce laifi ba, akwai waɗanda suka tafi da sunansu na gaskiya Allah ya dafa musu. Amma duk wanda ya ce ka bar karatu yau-yau ɗin nan, kuma ka zo da wata shekara ba taka ba, ba kai yake so ba, tsawonka yake sayarwa. Ku ƙannena da ke filayen Gusau kuna jiran mai turare ya tare ku, ku riƙe gurbin da kuka samu, ku ji maganar kocin da ya san ku tun ba ku iya riƙe ƙwallo ba. Iyaye kuma ku daina ganin takardar yaro kamar ba komai ba ce, zamanin ya wuce. Wanda kuma ya riga ya yi irin nawa, ya je ya faɗi gaskiya tun ranar farko, don kowace rana da ya ƙara, daga rayuwar wani yake cire ta.

Makon jiya muna zaune a tsakar gida da la'asar, ni da shi, muna ɓarar gyaɗa. Inna ta ƙwala kiran sunan ƙanena daga madafa. Kafin ya buɗe baki na riga shi cewa na'am. Inna ta leƙo ta dube ni, ta koma ciki. Shi kuma ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa, ya jira na yi shiru, sannan ya amsa sunansa.