Rajistar Malam Halliru

A kasuwar Babura, bayan layin masu hatsi, akwai wata 'yar rumfar zana da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, an tokare ta da dutse. Nan Malam Halliru Na'Allah ya shafe shekaru yana rubuta wa mutane wasiƙa, yana karanta musu wadda aka aiko. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya ko ga akuyar da ta shigo masa rumfa. Amma kada wani ya kuskura ya yabi gwamnati a kan makaranta a gabansa. Nan take zai ajiye alƙalami, jijiyar wuyansa ta tashi, mai wasiƙa kuwa sai ya jira.

Ɗan Roni ne, ɗan wani tela. Ya fara koyarwa a shekarar da aka sami 'yancin kai, aka yi ta juya shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, har aka dire shi a Tsamiyar Kawu, cikin ƙasar Gwiwa, a matsayin hedimasta. Makarantar ɗaki biyu ce, sauran azuzuwan a gindin bishiya. Yamma da garin akwai rugar Ardo Sama'ilu, cike da yara, ko ɗaya ba ya zuwa makaranta.

Shekara biyu Malam Halliru yana taka keke zuwa rugar nan. Ya sha nono har ya gaji, karnuka suka saba da shi. Ran nan Ardo ya ce, “Malam, ka ishe ni. Ɗauke su. Amma ka sani, in shanu sun cinye karan gonaki za mu yi kudu, da yaran za mu tafi. Sai ruwan farko ka gan mu.”

Wata huɗu ke nan a kowace shekara. Dokar makaranta kuwa ta ce yaron da ya yi mako shida ba ya zuwa a soke sunansa, in ya dawo ya fara daga aji ɗaya. Shekarar farko Malam Halliru ya bi doka. Yaran suka dawo da damina, ya zaunar da su cikin ƙananan da ko wando ba su iya ɗaurewa ba, 'yan gari suka yi ta musu dariya. Kafin mako biyu rabinsu sun gudu.

Sai ya sake dabara. A rajista, wanda ya zo ana ja masa sanda, wanda bai zo ba a yi masa zobe. Daga wannan shekarar, kowace safiya ta rani, sai ya kira sunayen 'yan ruga ɗaya bayan ɗaya, aji ya yi tsit, shi kuma ya ja sanda. Suna can bakin wani kogi da bai taɓa gani ba, amma a littafinsa suna zaune a kan benci. In sun dawo ya tsayar da su bayan an tashi, ya yi ta fama da su shi kaɗai. Bai taɓa cike giɓin ba, sai dai ya rage.

Haka aka kai shekarar 1977, lokacin da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, kowane ma'aikaci na cinikin babur. 'Yan ruga goma sha biyu sun kai aji shida, jarrabawar shiga sakandare na gabansu. Wadda ta fi su kai ita ce Asma'u, 'yar Ardo. A lissafi babu mai kama ta, domin tun tana ƙarama ita ke ƙirga maruƙa. Turanci ne ya yi mata nisa, shi ko da shi ake jarrabawar. Burinta ta zama mai yi wa shanu allura. Ta ce wa Malam ta gaji da ganin baƙo yana soka wa saniyar babanta allura ba tare da ya san sunanta ba.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ofishin da ke kula da makarantu a Kazaure. Gwamnati ta ware kuɗi domin yaran da karatu ya bari a baya. Makarantar da aka zaɓa za a ba ta ƙarin malami, da littattafai, da ajin yamma na wata huɗu kafin jarrabawa. Kowane hedimasta ya aiko da rajistarsa, a ga inda aka fi fashi.

Malam Halliru ya karanta sau uku, ya kusa rawa. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan. Ya naɗe rajista a leda, ya ba direban motar Kazaure. Murna ba ta bar shi ya tuna abin da ke cikinta ba.

Bayan mako uku amsa ta zo, takarda mai kauri da hatimi. Yabo ne. An ce a duk yankin babu makarantar da yara ke zuwa kamar tasa, don haka ba ta bukatar taimako, sauran hedimastoci su yi koyi da shi.

Matarsa Dela ta same shi zaune a zaure, takardar a ƙasa.

“Malam, lafiya?”

“An yabe ni, Dela. Da hannuna na yanka yaran nan, an aiko mini da yabo.”

Da ya warware mata, sai ta ce, “To ka yi shiru mana. Ka rataye takardarka a bango. In ka je ka ce ƙarya ka rubuta, wa zai ciyar da mu? Ardo?”

“Yara goma sha biyu fa.”

“Naka biyar ne, ka ƙirga da su.”

Ya yi kwana biyu yana juya maganarta. A na uku ya hau keke ya nufi Kazaure.

Jami'in da ke rabon taimakon, Malam Lawal Maikasuwa, ɗan gidan sarauta ne, ya fi shi karatu amma bai kai shi shekaru ba. Fanka na juyawa a kansa, makullin sabuwar mota na kan tebur inda kowa zai gani.

“A'a, gwarzonmu! Ka zo godiya?”

“Ranka ya daɗe, na zo gyara ne. Rajistar nan ba gaskiya ba ce.”

Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya kawo sunayen, ya kawo watannin, ya ce in an haɗa, kowane yaro ya rasa karatun shekara biyu cur. Ya ce a hukunta shi yadda aka ga dama, amma a ba yaran malamin nan na wata huɗu.

Malam Lawal ya jingina da kujera yana murmushi. “Man shanu nawa suke ba ka a shekara?”

“Ranka ya daɗe, ko cokali.”

“To kai waliyyi ne ke nan. Waliyyi mai ƙarya a littafin gwamnati.” Ya jawo rajistar, ya buɗe jan alƙalami. “Ka ce wata huɗu ba sa nan? Doka ta ce mako shida.”

Malam Halliru yana tsaye yana kallo, aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ana jan layi. Na Asma'u ne na uku.

“Ranka ya daɗe, don irin su aka ware kuɗin nan! Su ne karatu ya bari a baya!”

“An ware ne domin ɗalibai. Waɗannan tun aji ɗaya suka daina zama ɗalibai, kai ka ɓoye. Yanzu da na cire su, sauran yaranka suna zuwa kullum, ko ba haka ba? To makarantarka ba ta da matsala.”

“Wato in na yi ƙarya babu taimako, in na faɗi gaskiya babu yara.”

“Malam, ka rage murya, nan ofis ne.”

Bai rage ba. Masinjoji suka leƙo, masu jira a waje suka miƙe. Ya ce shekara goma sha bakwai yana cin alli ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi ina yaran suke kwana. Ya ce wanda ya rubuta dokar mako shida bai taɓa ganin saniya tana jin ƙishirwa ba. Ya ce kuɗin sun yi yawa har an rasa inda za a zuba su, amma an fi son su ruɓe da a ce wani layi a takarda ya karkace. Sai da aka riƙo hannunsa aka fitar da shi.

Taimakon ya tafi wata makaranta ta cikin gari, kusa da titi, inda motar masu dubawa ke isa ba tare da ta yi ƙura ba. Shi kuwa aka sauke shi daga hedimasta, aka tura shi wani ƙauye bayan Babura.

Kafin ya tafi ya je ruga. Ardo Sama'ilu ya saurare shi har ƙarshe, yana dogare da sanda.

“Malam, kai ka zo ka roƙe ni. Shekara shida ina biyan ɗan kiwo a madadinsu. Yanzu ka ce a takarda ba su taɓa zuwa ba?”

“Haka aka mai da shi, Ardo.”

“To ai shi ke nan. Shanu dai sun san sun zo.”

Asma'u na bayan bukka tana wanke ƙwarya. Ba ta ɗago ba.

Zango ɗaya ya yi a sabon wurin. Kowace safiya in ya buɗe rajista hannunsa ya ƙi jan sanda, har dai ya ajiye aikin. Ya sayi tebur, ya kafa rumfa a kasuwa. Dela ta yi wata guda ba ta yi masa doguwar magana ba, sannan ta fara tuyar ƙosai.

Bayan kamar shekara takwas, wata ranar kasuwa, wata mata da goyo ta sauke ƙwaryar nono a bakin rumfar, ta durƙusa.

“Malam, ina wuni. Ba ka gane ni ba.”

Ya gane ta tun kafin ta rufe baki. Asma'u ce.

Ta kwance bakin zane, ta fito da wata takarda da ta sha ninki. A asibiti aka ba ta, ta ce, a kan ɗan da ke bayanta. Ta yi kwana uku tana kallonta.

“Na ga sunana, ga shi nan. Na ga bakwai, na ga biyu. Sauran Turanci ne, Malam, ya gudu.”

Layi huɗu ne kacal. A ba yaro magani sau biyu a rana, a dawo da shi bayan kwana bakwai. Abin da ɗan aji shida zai karanta yana tafiya. Malam Halliru ya karanta mata, ya maimaita don ta riƙe.

Ta miƙo masa kuɗi. Ya ture hannunta da ƙarfin da bai yi niyya ba, har sulallan suka zube a ƙasa.

“Wata huɗu, Asma'u! Wata huɗu kawai na roƙa!”

Ta tsince kuɗinta a hankali, ta ɗaure, ta gyara goyo.

“Ka bar shi, Malam. Kai dai ka rubuta mun zo.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga cikin masu hatsi. Mutum uku na zaune a benci suna jiran a rubuta musu wasiƙa. Ya ce su dawo wata kasuwar.