Jinkar da Na Ɗaure Ni Kaɗai

Ko yau da gemuna ya yi fari fat, in na tuna ranar ɗora jinkar ɗakin amaryata sai na yi dariya ni kaɗai. Ranar ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba, ni kuwa ina saurayi a ƙauyenmu da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Allah ya ba ni ƙarfi da iya hannu, sai na ɗora girman kai a kansu. In aka kira gayya ba na zuwa. Nakan ce taron surutu ne da shan kunu, abin da mutum goma ke yi ni zan yi shi kafin azahar.

Da aurena ya matso, na rantse ba mai sa mini hannu a ɗakin amarya. Na kwaɓa ƙasa, na ta da bango. Na je har dajin wajen Maigatari na yanko shuci, ciyawar jinka, na ɗaure tsaiko, wato sandunan ƙashin jinka, a tsakar gida, na yi shi ya fi na kowa faɗi. A al'ada tsaiko ake fara ɗorawa, sannan a hau a baibaye, wani na miƙo ciyawa daga ƙasa. Ni da ba na son mai miƙo mini, sai na baibaye kayana tun a ƙasa. Jinka ta fito tsaf, abin sha'awa.

Saura kwana biyu tarewa na zo ɗagawa. Na sa kafaɗa, na yi nishi, ko motsi ba ta yi ba. Na kawo itace na tokara, itacen ya karye, na faɗi zaune. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ga bangon ƙasa a buɗe. In ruwa ya sauka, ɗaki ya narke, amarya ba wurin shiga. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Na tafi gindin tsamiya inda kawuna yake zaune da dattawa, na tsuguna, na faɗa masa abin da ya same ni. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗan nan, ai mun ji kai mutum goma ne. Ina sauran taran suka tafi?”

Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Amma bai gama rufe baki ba ya aika a kira jama'a. Mutanen da ban taɓa taka gonarsu ba suka zo suna tattare riguna. Suka kewaye jinka, na tsaya ina neman inda zan nuna ƙarfi. Kawu ya nuna mini wani ɗan gurbi tsakanin wani makaho mai tufkar igiya da wani tsoho, ya ce in kama nan, rabona ke nan.

Aka yi bisimilla, jinka ta tashi sama kamar faifai. Muna saukar da ita kan bango yayyafi ya fara. Duk muka dunguma cikin ɗakin muka fake, ko ɗigo bai zubo ba, suna ta yaba ɗaurin, suna tsokanata. Kunya da daɗi suka haɗe mini.

Tun daga ranar ban ƙara fashin gayya ba, har na zama ni ake kira ɗaurin tsaiko. Na gane iya hannu nawa ne, amma in ba jama'a, a ƙasa yake zama ruwa ya dake shi.