Sarƙar Garejin Yaya

Yayana bakanike ne, injin tirela yake gyarawa a Dogo Tebo, ni kuma na yi shekaru ina aiki tare da shi bayan na rasa shagona. Muna da sarƙar ɗaga inji rataye a bakin wasu ƙarafa uku. Kana jan siririyar sarƙa da hannu, babbar mai ƙugiya tana hawa da inji, in ka saki birkinta ya riƙe. Gwanjo ya saye ta daga wata masana'anta da ta rufe. Mai gadin wurin, wani dattijo Bakarkare, ya ƙi taya mu ɗorawa a mota. Ya ce, "Wannan ta taɓa cin mutum."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na tsani sarƙar nan. Da tsakar rana, ba iska ba kowa, sai ka ji siririyar tana kaɗawa, cas, cas. In na yi magana ya ce, "Kai dai matsoraci ne tun kana goyo."

Wata Laraba muka ɗaga injin tirelar wani mai fataucin shanu. Yaya yana da wata muguwar ɗabi'a, ba ya saka kututture ya tokare, wai ɓata lokaci ne. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin injin, ni ina tsaye da siririyar a hannu. Sai na ji ta ja ni. A hankali take zamewa cikin tafina, sama take yi, injin yana sauka. Na maƙale mata da duk nauyina, ta ɗaga ni har dugadugaina suka bar ƙasa.

"Yaya, fito! Fito!"

Ya mirgino, injin ya dira daidai inda ƙirjinsa yake.

Muka kwance ta a kan tabarma. Wallahi addu'a nake mu tarar birkin ya cinye, ko mai ya shiga ciki. Lafiyarsa ƙalau, a bushe. Yaya ya daɗe yana jujjuya shi, wannan karon bai yi dariya ba.

Amma gobe kasuwa, shanu na jiran mota. Ya ɗaura ta, muka sake ɗaga injin. Na ce ya bari in kawo kututture, ya ce ba zai samu wurin hannu ba. Ya kwanta, ya kalle ni daga ƙasa.

"Riƙe min da kyau, ƙanena."

Na naɗe sarƙar a hannuna, tafina na zubar da jini.