Ramukan Bayan Ɗakin Iya

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta na 1974, daminar da ta biyo bayan fari, marka ta kwana ta wuni ba ta ɗauke ba. Muna takure a ɗakin kakarmu Iya, ni da ƙannena, mun kewaye kaskon wuta muna gasa masara, don sanyin ranar har cikin ƙashi yake shiga. Komai na ɗakin ya yi danshi, tabarma da buzun salla da ashana, gishiri ma ya narke a ƙoƙonsa. Muna cikin musun wanda zai ɗauki babbar masarar sai muka ji wani abu ya faɗi a bayan ɗaki, har kwanonin jere suka amsa. Ba ginin ne ya rushe ba, yaɓen waje ne ya sha ruwa ya zaftaro. Mu yara muka yi carko-carko, amma Iya ko motsi ba ta yi ba. Ta dai dubi bangon ta gyaɗa kai, ta ce dama abin da ake so ke nan, sannan ta juya masarar da ta fara ƙonewa.

Gidanmu yana Ƙofar Kibo, inda gidaje suke manne da juna har ba a sanin ƙarshen wannan da farkon wancan. Bayan ɗakin Iya yana fuskantar gabas, wajen da iskar hadari take jibgo ruwa, kuma shi ne katangar tsakar gidan maƙwabcinmu Malam Sule, ma'aunin hatsi. Duk lokacin da za a sabunta yaɓen wannan bango, dole magina su shiga gidansa. A da wannan ba abin magana ba ne, don tsakanin gidajen akwai wata 'yar ƙofa da muke kira kafa, wadda mata da yara suke bi ba sai sun fita waje ba. Ta nan ake miƙo tuwo, ta nan ake aron rariya da ɗibar wuta, ta nan kuma matarsa Yaya Dije take zuwa ta yi wa Iya kitso. Yaya Dije mace ce mai sanyin hali da yawan kyauta, ga ta da son yara, sai dai duk wanda ta haifa ba ya kai yaye.

Tun da bazara Baba ya yi shirin gyara. Ya sa jakai sun zubo jar ƙasa da yashi a ƙofar gida, ya sayo siminti, don a shekarun nan shafen siminti ya fara shigowa birni, kowane mai ɗan hali yana so a ga zaurensa fes. Tanko magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangaye, ya ce za a kankare tsohon yaɓe duka, a kafa ƙusoshi da tsakuwa don simintin ya sami abin kamawa. Iya ta ce ba ta yarda da garin da ake sayarwa a takarda ba, ba ta yarda da Tanko ba tunda idonsa yana yawo, ba ta ma yarda da jakan ba, wai mangalarsu ba ta cika. Haka Iya take, ko sallama aka yi sai ta tambayi me aka zo nema. Mun saba, har idan ba ta kusa mukan kwaikwayi yadda take tsuke baki ta ce, "Ni dai ban yarda ba." Amma da Baba ya nemi izinin shigar da magina, sai Malam Sule ya ce a bari sai bayan Juma'a. Juma'a ta wuce ya ce sai wata ya kama. Wata ya kama ya ce a ƙara haƙuri, bai kuma faɗi dalili ba. Ana haka ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro a kan tarin ƙasarmu, Yaya Dije kuma ta daina leƙowa ta kafa, aka ce ba ta jin daɗi ne.

Washegarin faɗuwar yaɓen Iya ta kira ni, ina 'yar shekara tara a lokacin, ta ba ni kasko ta ce in je in ɗebo wuta, alhali murhunmu yana ci. Ta ce in buɗe idona in dubo mata bangonta da kyau. Na tarar da Yaya Dije zaune a ƙofar ɗaki ta lulluɓe da babban mayafi, ta ce in ɗiba da kaina. Wajen da yaɓen ya zube yana can sama kusa da indararo, tubala sun fito tsirara ruwa yana bin su. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙasa da wurin, daidai kafaɗar babban mutum, inda na ga ramuka jere, kowanne kamar cikin ludayi, an ƙwaƙule su sumul. Ba aikin ruwa ba ne, ba kuma na ɓera ba. A gefen turmi akwai ƙoƙo rufe da faifai, iska ta ɗan zame shi, na hango ɓarɓashin jar ƙasa a ciki. Na koma da gudu har garwashin yana zuba, na zayyana wa Iya komai, ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki.

Daga ranar gidanmu ya canza. Iya ta haɗa lissafinta tsaf: ƙasar gidanmu ake ɗiba ana kai wa boka don a tashe mu, tunda an taɓa jin Malam Sule yana cewa gidansa ya yi masa kaɗan. An hana gyara ne don marka ta ƙarasa aikin, idan ɗakin ya faɗi a ce Allah ne ya kawo. Baba ya ce mata zato ba kyau, mutumin nan sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, ta ce ai a sahun ne ake sanin tsawon mutum. Kaza ta mutu, aka ce su ne. Ƙanena ya yi zazzaɓi, su ne. Allurar Baba ta karye yana tsakiyar aikin wata babbar riga, nan ma Iya ta ce a dai lura. Aka hana mu bin kafa, aka jingine tsohon turmi a bakinta. Tuwon da suka aiko ta ƙofar waje Iya ta juye wa akuya, ta sa mu zauna muna gadinta mu ga ko za ta faɗi. Akuya ta cinye ta lashe kwano ta nemi ƙari, amma Iya ta ce irin wannan ba ya kama dabba.

Ni kaina zargin ya shige ni. A makaranta, lokacin tara, maimakon in shiga gaɗa ko carafke, sai in ja ƙawayena gefe in ba su labarin ramukan, ina ƙara musu gishiri. Idan na haɗu da Malam Sule a lungu yana dawowa daga kasuwa da tiyarsa a hammata, sai in manne da bango in ƙi gaishe shi, mutumin da kullum yake cika mini hannu da gyaɗa. Duk da haka ina kewar Yaya Dije ƙwarai, don ita kaɗai ce take yi mini kitso ba ta ja mini gashi. Bangon kuwa kullum ƙara jiƙa yake, danshi ya ratso har ciki ya yi baƙi, Baba ya roƙi Iya ta koma wani ɗaki ta ƙi. Ta ce a nan aka kawo ta, a nan ta haihu, ba mai fitar da ita sai masu makara. Ta kuma aika wa Tanko cewa ranar da zai yi yaɓe ya zo da tubala, zai toshe mata kafa.

Da ruwa ya ɗan tsagaita rana ta fito, Baba ya tare Malam Sule ya ce masa rai ake magana, bangon zai iya faɗowa kan tsohuwa. A nan ya amince. Aka fasa siminti a wannan gefe saboda bangon bai bushe ba, aka koma kwaɓin gargajiya. Mu yara muka tattake ƙasa da ciyawa har gwiwa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a zuba a kwaɓi don ya kore ruwa, warinta ya cika unguwa. Tanko da mutanensa suka yi sallama suka shiga gidan Malam Sule, suka kafa tsani suka fara kankara, tsohon yaɓe yana zubowa manya-manya. Ana cikin haka Iya ta ture turmin nan da kanta, ta ratsa kafa da sandarta, ni ina biye. Ta ce Tanko ya dakata. Ta nuna ramukan da sanda ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, sannan ta juya ga Malam Sule.

"Sule, a hannuna uwarka ta yi wankan jegonka. Faɗa mini wanda kake kai wa ƙasar ɗakina."

Malam Sule ya sunkuyar da kai. Wannan ya ƙara tunzura Iya, ta ce idan gidan yake so ya fito fili ya faɗa, ba sai ya binne ta da rai ba. Sai labulen ɗaki ya motsa, Yaya Dije ta fito ba mayafin nan, daga ita sai zane da ɗankwali, ƙoƙon yana hannunta. Ko ni da nake yarinya na ga cikin, ya tsufa har ya sauko. Ta rame, idanunta sun yi fari, gefen bakinta da jan ƙasa. Ta dubi Iya ta ce, "Iya, ci nake yi. Ita kaɗai ce take zauna mini."

Magina suka kau da kai, wanda yake kan tsani ya rasa inda zai sa idonsa. Sai daga baya na fahimci nauyin abin da ya faru. Matar da ta sha binne 'ya'ya ta ƙudura cewa wannan karon ba idon da zai ga cikinta, ba bakin da zai ambace shi, sai ranar da ta sauka. Don haka ta ɓuya, don haka mijinta ya yi ta kawo uzuri ya gwammace a zarge shi. Ga shi yanzu an tilasta mata ta fito da shi a gaban maza baƙi. Iya ta yar da sanda, ta cire mayafinta ta rufe ta, ta daka wa magina tsawa su fita kamar su suka yi laifin.

Da aka dawo aiki bayan azahar, Iya ce ta tsaya a kai. Ta sa aka ware mata guntayen tsohon yaɓe na can sama, inda fitsarin awaki da fallatsin ruwa ba sa kaiwa, ta kankare bayan da makuba ta taɓa, ta gasa su a kasko, ta cika tukunya ta kai ɗakin Yaya Dije, tana faɗa wai a riƙa ci kaɗan-kaɗan, ƙasa ba tuwo ba ce. Tubalan da Tanko ya kawo don toshe kafa, da su aka cike gurbin da ke kusa da indararo. Sabon yaɓe ya hau ja wur, da sawun yatsun magina a jikinsa, siminti kuma ya tafi gaban zaure inda Baba yake so a gani. Amma hankalin Iya bai kwanta ba, don duk zargin da take rabawa mutane ya dawo kanta. Ta ce idan wani abu ya sami cikin nan, bakinta ne. Ta rage ci, carbi bai bar hannunta ba, ko tari Yaya Dije ta yi sai ta aike ni in dubo. Da kaka ta yi aka fara shigo da sabuwar dawa, Yaya Dije ta haifi 'ya mace. Iya ta ƙi yin murna ranar suna, ta ƙi a arba'in, ta ƙi ranar da yarinyar ta fara rarrafe. Sai ranar da aka yaye ta, aka kawo ta ɗakin Iya ta kwana kamar yadda ake kai yaro wajen kakarsa, sannan ta rungume ta ta yi kuka mai yawa, ta laƙaba mata Tabango, sunan da ya bi ta har gidan miji.

Yanzu ina zaune a Gyallesu cikin gidan bulo, katangarmu doguwa da kwalabe a samanta, tsakaninta da ta maƙwabta akwai tazara. Damina ta zo ta wuce ba abin da yake zaftarowa, idan fenti ya koɗe a kira mai fenti, ba sai an nemi izinin kowa ba. Matar da ke gidan kusa da ni ta haihu bara, ban sani ba sai da na ga rumfar suna a titi. Ban taɓa zarginta da komai ba, ita ma na tabbata ba ta taɓa zargina ba, don ba abin da ya haɗa mu da za a yi zargi a kansa. Wani lokaci idan ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, nakan tsaya a tsakar gida in ji ina kewar gidan da bangonsa ɗaya yake da masu shi biyu. Ashe ko faɗan da muka yi da su, kusanci ne ya kawo shi.